Baffa, wane ne Ash?

Ranar ƙaramar Sallah muka taru a gidan babban yayanmu kamar yadda muka saba. An ci an sha, manya na ta hira, yara kuma sun yi dandazo a gaban talabijin suna kallon katun. Can sai ƙanena, magidanci ɗan shekara 33 mai 'ya'ya biyu, ya ɗaga kai ya hango Pikachu a allo sanye da hular kyaftin, ga wata yarinya da wani yaro da bai sani ba. Ya ajiye kofin zoɓon da ke hannunsa ya ce, "Wai wannan shirmen ake kira Pokémon yanzu? Ina Ash? Wallahi sun kashe shirin nan."

'Yar yayanmu, mai shekara takwas, ta waiwayo ta ce, "Baffa, wane ne Ash?"

Da ka ga fuskarsa sai ka ce labari aka kawo masa an rushe firamaren da ya yi. Ya ɗauki kusan rabin awa yana yi wa yarinyar nan wa'azi a kan yadda shirin yake a zamaninsa, ita kuwa ido ɗaya na kansa saboda ladabi, ɗayan na kan allo.

Abin ya ba ni dariya a lokacin, daga baya kuma ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne. Akwai dubban irinsa a duniya, masu gemu da furfura, da suke jin an ci amanarsu duk lokacin da aka taɓa katun ɗin yarintarsu. Ni ma na kalli shirin nan ina yaro, a falon maƙwabtanmu masu dish, muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Amma ra'ayina shi ne: katun ɗin da aka yi don yara, komai daɗewarsa, na yaran yau ne. Mu baƙi ne a wajen. Ana iya ba mu tabarma mu zauna, muna iya faɗin abin da muka gani, amma ba mu da hurumin cewa dole sai shirin ya tsufa tare da mu.

Ga wanda bai san zancen ba: an fara nuna Pokémon a tashar TV Tokyo ta Japan ranar 1 ga Afrilun 1997, shekara guda bayan fitowar wasan da aka gina shi a kai, wanda ake bugawa a ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy. Jarumin yaro ne ɗan shekara goma, Satoshi a Japan, Ash a fassarar Turanci, wanda ya bar garinsu da Pikachu, dabbarsa mai fitar da wutar lantarki, yana neman zama gwanin gwanaye a gasar haɗa irin waɗannan dabbobi faɗa. Aka yi kashi sama da 1,200. A watan Maris na 2023 aka sallame shi, har lokacin yana ɗan shekara goma. A watan Afrilu aka kawo sababbin jarumai, Liko da Roy.

Shekara ashirin da biyar ana ƙorafi

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, waɗanda ke kukan an cire Ash yau, su ne suka kwashe shekaru suna zaginsa.

Laifinsa na farko, ba ya girma. Na biyu, ba ya cin gasa. A gasar farko an fitar da shi ne saboda wani dodonsa mai suna Charizard ya ƙi bin umarni, ya kwanta a fili ya yi barcinsa. A gasar yankin Johto ya faɗi, a ta Hoenn ya faɗi. A Sinnoh ya kai kusa da na ƙarshe, sai aka jefo masa wani Tobias da ke yawo da Darkrai da Latios, irin dodannin da ba a saba ganin kowa da su ba, kamar dai an ƙirƙiro mutumin ne musamman don ya tare masa hanya. A 2010 kuwa, da aka buɗe sabon babi, Pikachun da ya yi shekara goma sha uku yana dambe ya sha kashi a hannun wata ƙaramar dabba, Snivy, da aka ba mai ita a ranar. An dai kawo uzurin cewa wani dodo ya hana shi amfani da wutar jikinsa, amma manyan masu kallo ba su yafe ba har yau.

Babbar tarzomar ita ce ta 2016. A babin Kalos an zana Ash da ɗan kamala, an ba shi faɗace-faɗace masu zafi, har manya suka fara cewa to, yanzu aka zo wajen. Ya kai wasan ƙarshe, kowa ya gyara zama, sai Alain ya doke shi. Intanet ta ɗauki zafi. Kafin hucewa, a ƙarshen shekarar aka fito da babin Alola, inda aka sauya zanen gaba ɗaya: fuska ta yi laushi, barkwanci ya yi yawa, aka ma saka Ash a makaranta. Manya suka ce an mayar da shirin na jarirai.

To a wannan babin da suka raina ne, a watan Satumban 2019, Ash ya ɗauki kofin da suka yi shekara ashirin da biyu suna nema masa. A Nuwamban 2022 kuma ya doke Leon ya zama zakaran duniya, har aka sanar da labarin a manyan allunan unguwar Shibuya a Tokyo kamar an ci kofin ƙwallo. Wata guda bayan haka aka ce zai tafi. Sai kuka ya koma sabo.

Yana nan an ce ya gundure mu, ya tafi an ce an yi mana fashi. Wanda ya biye wa irin wannan mai kallo ba zai taɓa dafa abin da za a ci ba.

Gizo ma bai taɓa tsufa ba

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kakarmu ta ba iyayenmu labarin Gizo da Ƙoƙi, ta ba mu, ta kuma ba ƙannenmu. Gizo bai taɓa yin hankali ba. Jiya ya yi wa kura wayo ya sha da ƙyar, yau zai sake kwaɗayin da ya jefa shi a rami. Ban taɓa jin wani saurayi ya dawo ɗakin tsohuwa yana cewa, "Iya, shekara ashirin ke nan, ya kamata Gizo ya shiryu ya kama sana'a" ba. Idan ka girma, tashi kake yi ka ba na bayanka wuri, su ce "ta zo mu ji ta."

Haka malamin aji ɗaya. Duk shekara "a, ba, ca, da" yake koyarwa. Ba don bai san abin da ya wuce nan ba, sai don duk shekara sababbin yara ne a gabansa.

Masu yin Pokémon da irin wannan ajin suke aiki. Yaro yakan kama kallo yana ɗan shekara biyar ko shida, zuwa sha biyu ya koma ƙwallo ko wani abin. Wasannin da shirin ke bi su ma haka suke sabuntawa: 1996, 1999, 2002, 2006, 2010, 2013, 2016, 2019, 2022. Kusan duk shekara uku zuwa huɗu sabuwar ƙasa, sababbin dabbobi, sababbin yara a gaban allo. Yaron da ya fara kallo a 2010 bai san Charizard ya taɓa barci a fili ba. Yana buƙatar jarumin da zai fara daga ƙasa tare da shi, ya yi kuskure, a doke shi, ya tashi. Da an ba shi Ash ɗan shekara 23 wanda ba a iya kayar da shi, me zai kalla? Nasarar wani ce da aka gama kafin a haife shi.

Abin da mu muke gani maimaici, shi karo na farko ke nan da ya gani.

"Ai Goku ya girma, Naruto ma har ya yi aure"

Wannan ita ce hujjar farko da ƙanena ya kawo, kuma gaskiya ne. Goku na katun ɗin Dragon Ball ya fara yana yaro ya zama kaka. Naruto ya zama shugaban garinsu, ɗansa ya gaje shi a allo.

Sai dai ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Waɗancan labarai ne da marubuci guda ya zauna ya tsara a mujallar matasa, suna da mafari suna da inda suka dosa, kuma tun asali 'yan samari aka nufa da su. Kwatanta su da Pokémon kamar kwatanta littafin labari ne da wasan langa: ɗaya ana karanta shi a kai ƙarshe, ɗaya kuwa kullum da yamma sabo ake farawa. 'Yan'uwan Pokémon na gaskiya su ne Tom da Jerry, da tun 1940 kyanwar ke bin ɓeran, da Scooby-Doo da tun 1969 ake cire wa ɓarawo abin rufe fuska, da Doraemon.

Doraemon, wani daɗaɗɗen katun na Japan, ma darasi ne. Daga 1979 zuwa 2005 murya ɗaya aka sani, ta Nobuyo Oyama. A 2005 aka sauya masu muryoyin baki ɗaya, manya a Japan suka yi ta gunaguni cewa wannan ba Doraemon ɗinsu ba ne. An kai shekara ashirin da yin haka. Waɗanda suka tashi da muryar Wasabi Mizuta sun zama manya, ita ce "ta asali" a kunnensu. Ranar da za a sauya ta, su ne za su yi kukan.

"Da kuɗinmu kamfanin yake tsaye"

Wannan ta fi ta farko nauyi. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da asusun banki. Waɗanda suka cika tituna da wayoyi a hannu lokacin da wasan waya na Pokémon GO ya fito a Yulin 2016, yawancinsu manya ne. Logan Paul, wani tauraron YouTube ɗan Amurka, ya sayi katin wasa na Pikachu guda ɗaya a kan dala miliyan biyar da ɗoriya. A 2021 rububin katunan ya kai kantunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da su na wani lokaci, bayan rikici ya ɓarke a harabar wani reshensu. Ba 'yan firamare ne suka yi wannan faɗan ba. To tunda mu ke biya, in ji masu wannan ra'ayi, me zai hana a yi mana abin da muke so?

Amsata tambaya ce: yaushe aka kama ka? Wanda ya fitar da albashinsa ya sayi kati yau, an kama shi ne yana ɗan shekara goma a gaban talabijin. Babu wanda ya fara son Pikachu yana da shekara arba'in saboda zurfin labari. Shirin yaran shi ne gonar, mu amfanin da aka girbe ne. Manomin da ya cinye irin shukarsa don baƙo ya ji daɗi, baɗi sai ya yi bara. Idan aka juya shirin ya koma yi wa 'yan shekara talatin hidima, nan da shekara ashirin babu sauran ɗan talatin ɗin da zai sayi komai.

Kada a ɗauka yabon kamfanin nake yi. 'Yan kasuwa ne, kuma shirin talla ne mai ƙafafu: kowace sabuwar dabba da ta fito a allo akwai 'yar tsanarta a kanti. Iyaye su san da wannan. Abin da nake cewa kawai, ko ta lissafin kasuwar ma, hujjar "kuɗinmu" ba ta kai inda masu ita suke so ta kai ba.

Kuma ba a bar mu da yunwa ba. A 2013 an yi Pokémon Origins, gajeren shiri da ya bi labarin wasan farko saboda waɗanda suka buga shi a Game Boy. An yi Generations a 2016, an yi fim ɗin Detective Pikachu a 2019. Wasu kamfanonin ma sun wuce nan: masu Digimon sun dawo da jaruman 1999 sun girma a 2015, Samurai Jack ya dawo a 2017 da jini da duhu a sashen manya na dare. Wannan tsari ne mai kyau. A dafa wa manya nasu da yaji, a bar wa yara kununsu. Rigimar tana tasowa ne idan babba ya ce sai an zuba barkono a kofin yaro.

Bankwanan Ash ɗin ma ai mu aka yi wa. Kashi goma sha ɗaya aka ware a farkon 2023, aka dawo da abokan tafiyarsa na farko, Misty da Brock. A kashin ƙarshe Pidgeot ya dawo, tsuntsun da Ash ya saki tun 1999 da alkawarin zai waiwaye shi. Wane ɗan shekara takwas ne ya san da wannan bashin? Mu aka biya. An raka mu har bakin ƙofa da mutunci, sai wasunmu suka ƙi fita.

Inda nake tare da masu ƙorafin

Akwai wurin da ba zan musa musu ba. Kalmar "ai na yara ne" ta zama mafakar malalata. Ana iya yin shiri na ganganci, labari babu kai babu gindi, ihu da launi kawai, idan an yi magana a ce ba kai aka yi wa ba. Wannan raini ne ga yara. Yaro ba ya iya rubuta sharhi, amma ya san lokacin da ake yi masa wasa da hankali; tashi yake yi ya bar wajen. Pokémon kansa yana da kashi-kashi masu yawa da babu abin da ke faruwa a cikinsu sai cika lokaci, kuma zancen Tobias, ko a yau aka tambaye ni, zan ce rubutun ragwaye ne.

Saboda haka ban ce babba ya yi shiru ba. Amma ƙorafi iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai mai cewa, "wannan bai kyautu ga yaron da ke kallo ba." Akwai mai cewa, "wannan bai yi kama da wanda na sani ba." Na farko aikin iyaye ne. Na biyu kewa ce ta sa rigar sharhi.

Misalin na farko ya faru da shirin nan tun yana jariri. Ranar 16 ga Disamban 1997 aka nuna wani kashi mai walƙiyar ja da shuɗi da sauri, aka kwashi yara 685 zuwa asibitoci a Japan, wasu da farfaɗiya. Aka dakatar da shirin wata huɗu, aka kafa ƙa'idoji kan walƙiya a talabijin. A irin wannan ne ake son muryar manya ta fito da ƙarfi. Haka idan uba ya zauna ya duba ko abin da 'yarsa ke kallo ya dace da tarbiyyar gidansa, ko tallan ya yi yawa, ko tsayin lokacin da take ɗauka a gaban allo. Da ƙanena ya tambayi ɗaya daga cikin waɗannan, da na mara masa baya. Shi kuwa damuwarsa hular Pikachu.

Gwajin mai sauƙi ne: idan aka gyara abin da kake kuka a kai, wa zai amfana, yaron ko kai?

Dubi Teen Titans. Na farkon ya yi kashi 65 daga 2003 zuwa 2006, da labari mai nauyi, kuma ya yi kyau. A 2013 aka dawo da jaruman a Teen Titans Go!, barkwanci zalla. Tsofaffin masoya sun tsine masa tun ranar farko. Ya wuce kashi 400. Ni kaina ba na iya zama in kalle shi, hayaniyarsa na sa mini ciwon kai. Amma na ga yadda yara ke birgima da dariya a gabansa, na gane ciwon kaina ba hujja ba ce.

Ita kuma mai shirin

A duk surutun nan babu wanda ya tambayi 'yar shekara takwas ɗin me ta gani. Da Baffanta ya fita salla na tambaye ta.

Ta ce tana son Liko ne saboda ba ta da surutu, tana jin kunyar mutane, kuma maganar da take yi a zuci ta fi wadda take furtawa yawa. Ta ce kakarta ce ta ba ta abin wuyan da miyagu ke bin ta a kansa. Ta ce kyanwarta Sprigatito da farko ba ta jin maganarta. Yarinyar nan ita ma haka take, a taro ba ka jin bakinta, kuma 'yar ɗakin kakarta ce. Shekara ashirin da biyar yaro ne a gaba a shirin, 'yan mata na rakiya. Yanzu ta samu wadda ta yi kama da ita tana jan tafiyar, sai ga wani babba ya zo yana gaya mata wai abin da take so shirme ne, na gasken an gama shi kafin ta yi wayo.

Wannan ne ya fi ba ni haushi a lamarin. Kamfani ba ya jin zafin zaginmu, kuɗinsa yake ƙirgawa. Wanda ke ji shi ne yaron da ke kusa da mu a falo.

Da daddare, bayan baƙi sun ragu, ƙanena ya ce sai ya nuna mata na asalin don ta san bambanci. Ya lalubo kashi na farko a wayarsa, suka zauna a kan kafet. Ash ya makara, ya ruga gidan Farfesa Oak da kayan barci, ya tarar an rabe dabbobin sai Pikachu mai taurin kai. Da Pikachu ya ba shi wuta ta ƙyalƙyale da dariya. Ta tambayi me ya sa hoton bai cika allon ba, me ya sa Pikachun ya yi ƙiba haka. Da tsuntsaye suka biyo su a cikin ruwan sama, Ash ya tsaya ya kare Pikachu da jikinsa, na lura ta yi tsit, Baffan nata ma ya yi tsit, har yana ɗan share ido da gefen hannun rigarsa wai ƙura ce.

Da aka gama ta ce, "Baffa, yana da kyau. Amma ya cika faɗa da ihu." Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "In saka maka nawa? Zan gaya maka sunayensu."

Ya dube ni, na kawar da kai. Ya miƙa mata wayar. Lokacin da na tashi tafiya, wajen ƙarfe goma, na baro shi yana tambayarta wane ne wannan mai jirgin, ita kuma tana ce masa ya yi shiru ya kalla, za a nuna.